Shekarar da Na Kyautar da Takin Yaya

Tun da aka kawo ni Fagge nake kiwon tumaki a bayan ɗakin girki. Wurin bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, amma ban taɓa rasa tunkiya uku ko huɗu a turke ba, da rago ɗaya da nake ajiyewa don layya. Kullum da safe, kafin in tafi makarantar firamaren da nake koyarwa a Sabon Gari, sai in share kashinsu, in haɗa da ragowar harawa da tokar murhu, in tara a kusurwa in rufe da tsofaffin buhuna. Daga kaka zuwa bazara tsibin nan yakan kai ƙuguna. Maigidana, wanda ke sayar da robobi a kasuwar Sabon Gari, ya sha yin mita a kan wari da ƙudaje, ni kuwa in ce masa ya yi haƙuri, kayan Yaya ne.

Yaya babban wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe gonar mahaifinmu a ƙauyenmu da ke arewa da Kano, kuma daga wannan gonar shi da matarsa da 'ya'yansu shida suke ci. Ba mai kuɗi ba ne, bai ma taɓa kusa da zama ba. Abu ɗaya yake tinƙaho da shi a duniya: tun da ya yi aure bai taɓa shiga kasuwa ya yi awon hatsi ba. Rumbunsa yakan kai su daga wannan kaka zuwa waccan, ko da a ƙarshe sai an shiga ciki an karkaɗe. In ya ga magidanci a ƙauye ɗauke da ledar gero daga kasuwa, sai ya kau da kai don kada mutumin ya ji kunya.

Tsarinmu da shi tsoho ne, mun gaje shi ne daga mahaifinmu da wata gwaggonmu da ta yi aure a birni. Idan bazara ta kusa, Yaya zai zo da harawa ya sauke wa tumakina, ya ɗebe tsibin takin nan a buhuna, ya bi wasu gidaje biyu a lungunmu ya kwashe nasu, ya sa a mota. Motar takan sauke shi a bakin titi, don daga nan zuwa gonar yashi ne zalla, ba motar da ke shiga. Jakinsa ne ke ƙarasa aikin, mangala bayan mangala, har sai an jera takin tsibi-tsibi a gona ana jiran ruwa. Idan kaka ta yi kuma, sai ya sussuke gero ya kawo mini rabona. Ba a taɓa cewa ga yawansa ba. Nakan ba shi taki, yakan kawo mini gero, shi ke nan.

A wata shekara da rani, ina wanke-wanke, na ji sanarwa a rediyo. Gwamnati ta ware maƙudan kuɗi don ƙananan manoma. Duk wanda ya yi rajista za a ba shi buhu biyu na takin zamani da ingantaccen iri, ya biya rabin kuɗin kawai, kuma kayan za su iso kafin saukar damina. Abin da ake bukata shi ne katin shaida da lambar waya, don ta waya za a turo saƙon ranar karɓa. Mai sanarwar ya ce zamanin wahalar manomi ya wuce. Na tsaya da soso a hannu ina jin daɗi kamar ni aka yi wa albishir.

Yaya ba shi da waya, in zai kira ni sai ya je wurin mai shagon caji. Saboda haka ranar Asabar na hau mota na tafi ƙauye, na ja shi har makarantar da ake rajistar, na cike masa takarda da hannuna, na sa lambata. A hanyar dawowa yana ta jan ƙafa.

"Malama," ya ce, don haka yake kirana in zai tsokane ni, "ni fa gwamnati ban san gidanta ba. In ta ƙi zuwa, ina zan je in yi mata sallama?"

"Haba Yaya, kai kullum sai ka mai da mu baya. Har yaushe za ka yi ta jidar kashin tumaki kamar zamanin kakanninmu? Buhu biyun nan sun fi duk abin da jakinka zai kwasa a wata guda."

"To ai guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni."

"Wannan ba aro ba ne, haƙƙinka ne. An rubuta sunanka, na gani da idona."

Na yi ta kawo masa hujjoji irin na masu allo da alli. Na ce ya duba kuɗin motar da yake kashewa, ya duba bayansa da ya fara ciwo. Na gaya masa abin da ma'aikacin rajistar ya ce, wato in saƙo ya zo kwanaki kaɗan ake bayarwa, wanda bai zo da rabin kuɗinsa ba za a ba wani. Da muka iso ƙofar gida, Yaya ya ce, "Ke kika yi boko." Na ɗauki wannan a matsayin yabo, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Bayan mako biyu ya kira ni daga shagon caji ya ce ya sayar da jakin. Na ɗan ji wani iri, na tambaye shi dalili. Ya ce a ina nake so ya samo rabin kuɗin da za a nema ba zato ba tsammani? Kuma jakin da ba zai ɗauki taki ba, a kan me zai ci masa harawa? Maganarsa ta yi daidai da lissafin da ni na ɗora shi a kai, don haka ban iya musa masa ba.

Ni ma sai na yi nawa. Akwai wani mai lambu daga wajen Kwaciri da ya daɗe yana roƙona takin nan ina hana shi. Na aika masa ya zo. Da hantsi ɗaya shi da abokin aikinsa suka kwashe shi tas a a-kori-kura, har suka share mini wurin, ya bar mini kwandon latas da karas. Maigidana ya dawo ya ga kusurwa fes ya ce yau ya san ya auri 'yar birni. Iya ce kawai ba ta taya ni murna ba. Iya maƙwabciyata ce, Bayarabiya, amma a Fagge aka haife ta, kuma Hausarta ta fi tawa gishiri. Tana tsaye a ƙofarta tana kallon buhunan suna fita.

"Malama, ba kayan yayanki ba ne wannan?"

"Bana ba ya bukata, Iya. Gwamnati za ta ba shi na zamani."

"Ya zo hannu?"

"Yana hanya."

Ta gyara ɗaurin zaninta ta ce, "Uhm. Kada dai ganin hadari ya sa a yi wanka da kashi." Na yi dariya na shige gida, a raina ina cewa tsofaffi ba sa son ci gaba.

Ruwan farko ya sauka. Ba saƙo. Ruwan shuka ya sauka, Yaya ya jira kwana biyu ko irin da aka yi alkawari zai zo, da ya ga ƙasa za ta bushe masa sai ya ɗauko nasa na gado ya shuka a gonar da ba a zuba mata ko mangala ɗaya ba. Daga nan wayata ta zama mini ciwo. A aji nakan ajiye ta a kan tebur, abin da nake hana sauran malamai. Da ta yi ƙara sai in katse darasi in duba, in tarar kamfanin waya ne yake tallar waƙar kira, ko wani ɗan damfara yana taya ni murnar cin gasar da ban shiga ba. Na zagi mutanen da ban sani ba a watannin nan fiye da duk zagin da na yi a rayuwata.

Yaya kuwa ba ya faɗa, kuma da ma ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Duk mako zai kira, mu gaisa, ya tambayi maigida da yara, sannan ya ba ni labarin gona a taƙaice kamar mai karanta sanarwa.

"Gero ya tsiro."

Wani makon: "An gama firi." Wato noman farko, lokacin da ake so a ce taki yana gindin shuka.

Wani makon kuma: "Ganyen ya fara ja da baya, Malama. Ko sun turo?"

Sau uku ina neman izini a makaranta ina zuwa ofishin da aka ce su ke kula da rabon. Zuwan farko aka ce kaya suna hanya. Na biyu aka ce ba a saki kuɗi daga sama ba. Na uku na tarar da mutum ɗaya tak a ofis yana cin gyaɗa, ya ce oga ya tafi taro, kuma ba za a fara rabo ba sai an yi bikin ƙaddamarwa, ana jiran babban baƙo ya sa rana. Na ce masa, "Malam, gero ya san da babban baƙo? Damina za ta tsaya ta jira a kafa rumfa ne?" Ya dube ni ba tare da ya daina tauna ba ya ce, "Hajiya, ni ma ma'aikaci ne." Na fito ina huci, na tsaya a bakin titi na rasa wanda zan kama da faɗa. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan a duk lamarin, kowa ka taɓa sai ya nuna sama.

Da na ga abin ya wuce wasa, na ce wa Yaya ya ɗauki kuɗin jakin ya sayi taki a kasuwa. Ashe a tsakiyar damina farashi ya riga ya yi tashin gwauron zabo, abin da aka tanada don rabin buhu biyu ko buhu ɗaya ba zai saya ba. Na haɗa masa da ɗan abin da nake da shi, ya sayi 'yan kwanuka a wurin masu sayarwa kwano-kwano. Da murfin kwalba ya riƙa aunawa yana sa wa kowane gindi, shi da matarsa, har inda ya ƙare. Bai kai sulusin gonar ba. Na koma wurin mai lambun nan ko da saura, ya yi dariya ya nuna mini kabejinsa.

Da aka yi dogon hutu na tafi ƙauye. Tun daga nesa na gane gonarmu, kuma ba don na san hanya ba. Ta maƙwabcinmu, wanda bai yi rajistar komai ba ya zuba takin shanunsa kamar kullum, ta yi kore shar har tana baƙi-baƙi. Tamu kuwa gefe ɗaya ne mai ɗan kyan gani, sauran duk rawaya, karan sirara, tsayinsu bai wuce ƙirjina ba. Wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye gero a ƙasar da ta gaji, ta bazu ko'ina tana ado. Yaya yana sunkuye yana tuge ta da hannu. Ya ɗago ya ce, "Malama, kin zo duba makarantarki?" Yana murmushi ya faɗa.

Ina ƙauyen, kwana huɗu da zuwana, saƙon ya shigo. A zo a karɓi taki ranar kaza a hedikwatar ƙaramar hukuma. A lokacin gero ya riga ya fid da kai, wanda zai yi ya yi, wanda ba zai yi ba ya mutu a tsaye. Na karanta wa Yaya saƙon, ya ce, "Ihu bayan hari." Duk da haka na matsa masa muka je, don ina ganin ko ba komai a ajiye wa baɗi.

Ba zan ce ba a kashe kuɗin ba. Na ga buhunan da idona, jibge har rufin ɗaki, sababbi, kowanne da tambarin gwamnati. An kafa rumfa, an yi jawabi, an ɗauki hoton wani dattijo ana miƙa masa buhu. Sai dai wanda ya tsara abin ko dai bai taɓa kwana a ƙauye a watan Agusta ba, ko kuma ya sani sarai. Wannan ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai zo ba, zazzaɓi yana kwantar da yara. Wane ƙaramin manomi ne yake da rabin kuɗin buhu biyu a aljihu a irin wannan lokaci? Na Yaya ya tafi a 'yan kwanukan nan. Ni ma albashina bai shigo ba.

Waɗanda suke da kuɗi a hannu suna nan a gindin wata bishiyar darbejiya a wajen katanga, da motocinsu a ajiye. 'Yan kasuwa ne daga birni. Manomi zai fito da takardarsa, su ba shi rabin da zai biya, ya shiga ya karɓo buhunan ya sauke a motarsu, su ɗan sa masa wani abu a hannu. Ba a ɓoye ake yi ba, layi ne guda biyu, na shiga da na fita. Na ce wa Yaya kada ya yarda, wannan zalunci ne. Ya ce, "To ki ba ni kuɗin in biya." Na buɗe jakata na sake rufewa. Ya bi layi kamar kowa. Abin da aka ba shi ya sayi maganin zazzaɓin autarsa da sabulu, muka biya kuɗin mota muka koma. A takarda dai an rubuta cewa manomi ya amfana, har da sa hannunsa, ko in ce dangwalen yatsansa.

Kaka ta zo. Ban je ba, kunya ta hana ni. Matarsa ce ta kira ni a ɓoye ta ce abin da aka ɗaure bai kai rabin rumbu ba, kuma Yaya ya hana a gaya mini. Ta ce in an yi tattali zai kai su tsakiyar rani. Na tambaye ta ina yake, ta ce ya ɗan yi tafiya. Ban kawo komai a raina ba, na zaci ta'aziyya ya je.

Wata ranar Alhamis na tashi daga makaranta na biya ta kasuwar Sabon Gari zan karɓi saƙo a shagon maigidana. Na yanke ta layin masu kayan gona don in gaje hanya. Wata babbar mota tana tsaye a ƙofar wani sito, ana loda mata taki za a kai wa masu noman rani. Buhunan nan ne masu tambari, ko juya su ba a yi ba. 'Yan dako suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da buhu a kafaɗa, farar ƙurar taki ta rufe musu wuya. Na uku a layin ya ɗan karkata hagu yana tafiya, irin tafiyar mai ciwon baya, kuma ko cikin dubu na san tafiyar Yaya.

Na ja da baya na laɓe a bayan wata rumfar masu sayar da maganin feshi. Ina kallo ya kai buhun bakin mota, wani matashi da bai kai babban ɗansa ba ya daka masa tsawa wai ya yi sauri. Ya ce, "To, ranka ya daɗe," ya juya ya koma ciki. Mutumin da ya shekara talatin yana ciyar da gidansa daga ƙasar ubansa. Na so in fita in kama wani da kokawa, mai siton, ko mai motar, ko mai sanarwar rediyo, amma duk inda na juya da fushina sai ya dawo kaina, don ba gwamnati ce ta kira mai lambu ba. Na koma gida ta wata hanya, ban karɓi saƙon ba. Daga baya maigidana ya bincika ya gano cewa Yaya ya kusa wata guda a Kano, yana kwana tare da 'yan dako a wajen tashar jirgin ƙasa, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba daga gidana.

Na yi kwanaki ina shirya abin da zan ce masa. Kafin in gama shiryawa, ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga sallamarsa a zaure. Ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta zuwa unguwa, ga rabin buhu a gabansa.

"Daga gida nake," ya ce. "Na ce bari in kawo miki rabonki kafin a shiga hidima. Bana ta ɗan yi rowa, sai ki yi haƙuri da wannan."

"Yaya, wane rabo kuma? Bana ai ban ba ka komai ba."

"Ke dai karɓi. Ba a fasa ba tun zamanin Baba, ba a kaina za a fara ba."

Na kwance bakin buhun na zura hannu. Geron gonarmu ƙanana ne, masu duhu, kuma sabon sussuka yakan zo da ɗan ƙaiƙayi da ƙanshin rumbu. Wannan kuwa gauraye ne, wani fari wani rawaya, an tankaɗe shi tas, yana warin maganin da 'yan kasuwa ke sa wa hatsi a sito don kada ya yi ƙwari. Awo ne. Da kuɗin dakon buhunan nan ya shiga kasuwa ya tsaya gaban mai kwano, abin da bai taɓa yi wa cikinsa ba, ya yi don kada ya zo gidan ƙanwarsa hannu rabbana.

Na ɗago na dube shi. Yana kallon bango, yana gyara hularsa. In na ce na gane, na tsiraita shi. In na mayar masa, na nuna masa na san gidansa ba abinci. Na damƙi geron na sake shi a hankali ya zube cikin buhu.

"Allah ya amfana, Yaya," na ce. "Geron gonarmu ba shi da na biyu."

"Haka ne," ya ce.